Haƙorin da Ya Fitar da Dayyabu Daga Fili

Wata rana da hantsi na fito tsakar gida, na tarar da Dayyabu a tsugune bakin rariya yana goge takalmin ƙwallonsa da buroshin haƙori.

Dayyabu ɗan haya ne a gidana. Ƙwallo ce sana'arsa, da ita yake ci, da ita yake riƙe mahaifiyarsa a ƙauye. Ɗan gaba ne a kulob ɗin garinmu. A ƙarshen watan nan wani babban kulob zai turo mutanensa su kalli wasansu, su ɗauki ɗan gaba guda ɗaya. Kowa ya ce shi za a ɗauka.

Yaro ne mai ladabi. Amma bakinsa, sai addu'a.

Shayinsa sukari ne da ɗan ruwa. In ya dawo daga atisaye sai ya shanye lemon gwangwanin nan da suke cewa yana ƙara ƙarfi, ya bi shi da alawa, ya miƙe a katifa. Ban taɓa ganin asuwaki a hannunsa ba, ko ran Juma'a.

Ranar na ga kuncinsa na hagu ya tasa, yana ta ƙamshin kanumfarin da ya cusa a kogon haƙori.

"Dayyabu, wannan buroshin na takalmi ne. Ina na bakinka?"

"Iya, ai ba da haƙori ake buga ƙwallo ba."

Ko ɗago kai bai yi ba.

Na ce ya tafi asibiti yau ɗin nan. Ashe likitan kulob ɗinsu ma ya riga ni faɗa masa. Ya ƙi. Wai in aka cire haƙorin za a ce ya huta kwana biyu, wani ya samu wurinsa. Gara ya daure da ƙwayar kashe zafi har a gama wasan.

Na yi faɗa, na yi nasiha, na daina amsa gaisuwarsa. Duk a banza.

Tauna ta gagara, ya koma shan koko. Barci ya gagara. Mutumin da zai yi tsere da ƙarti, da koko a cikinsa da jajayen idanu.

Ni ba na zuwa kallon ƙwallo, maƙwabta ne suka ba ni labari. Ranar wasan ya shiga fili da zazzaɓi, fuska a kumbure. Gudun da ake yabo babu shi. Aka bugo masa ƙwallo ta sama, daidai kansa, ga raga a buɗe. Ya sunkuya ta wuce, don kada ta taɓa masa muƙamuƙi.

A gaban baƙin da suka zo dominsa.

Koci ya fitar da shi tun kafin hutun rabin lokaci. Wanda ya canje shi, shi aka ɗauka.

Da aka kawo shi gida abokansa suka cika mini zaure, wai sammu aka yi masa. Na ce su tashi su ba ni wuri. Sammun da ya yi shekaru yana saya a shago da hannunsa?

A asibiti aka ce ruɓar ta shiga dasashi ta tara mugunya. Aka kwantar da shi, aka cire haƙora biyu. Hutun kwana biyun da ya guje wa ya zama na makonni. Mahaifiyarsa ta zo jinya, ta zauna gefen gado tana tambayata yaushe zai tafi sabon kulob ɗin.



Darasi: Jiki ɗaya ne. Ƙafa ba ta gudu in baki yana ciwo. Ku goge bakinku safe da dare, ku rage zaƙi, in haƙori ya fara magana ku kai shi wurin likita tun yana ƙarami.

Duk mai ɗa ko ƙane a filin ƙwallo, ya tura masa wannan. In ya yi dariya, ku sake tura masa.