Gwangwani Ɗaya na Kasha

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan manta ranar da na dama wa Madam kunu da hatsin ƙasarsu da ta daɗe tana begensa ba. Yau ina da jikoki, amma idan na tuna sai kunya ta rufe ni kamar jiya aka yi.

A lokacin ina aikin girki a wani gida a unguwar Ruwais da ke Jidda. Maigidan injiniya ne a aikin faɗaɗa tashar jiragen ruwa ta Jidda. Shi da matarsa, wato Madam, 'yan asalin Poland ne, yaƙi ya fitar da su tun suna matasa, suka zauna Ingila, hanyar gida kuma ta rufe musu. Ni kuwa a unguwar Hindawiyya ta nan Jidda aka haife ni. Iyayena sun zo hajji daga ƙasar Zazzau suka zauna. Mahaifina ya rasu, ya bar Innata, tsohuwar da ba ta da hira sai ta acca. Ni ban taɓa ganin accar nan ba, sai in turara mata burgul, ɓarzajjiyar alkamar Larabawa, in ce, "Inna, duk hatsi ne." Takan ci loma kaɗan ta yi shiru, ni kuma in ɗauka na gama da ita.

Shekarata ta biyu a gidan, shawara ta kwantar da Madam. Zazzaɓin ya sauka, amma cin abinci ya gagara. Na yi romon kaza, na yi shurba, miyar Larabawa ta sha, na gasa kifi, duk yadda na kai haka nake ɗaukewa. Likita ya ce idan ba ta soma ci ba, dole a mayar da ita Ingila. Wata rana da la'asar ta kama hannuna, ta ce da gurgun Larabcinta, "Abgha kasha." Wato kasha take so. Ta zana mini ƙwayar a takarda, 'yar mitsitsiya mai kusurwa uku, ta nuna katakon gado alamar launinta. Ta ce a Landan akwai kantuna da gidajen abincin mutanensu, can suke samu jefi-jefi, amma tun zuwanta Jidda ko ƙamshinta ba ta ji ba.

Na ɗaure takardar a bakin mayafi na shiga gari. Hadramawa masu kanti a unguwarmu suka miƙo mini adas, ƙananan waken Larabawa. Bukharawa suka ce shinkafa suka sani. A kantin Turawa mai cuku da gwangwanaye, mai kantin ya ɗaga kafaɗa. A Balad, tsohon cikin gari, wani tsoho mai kayan ƙamshi ya juya takardar sama da ƙasa, ya zuba mini hulba da sha'ir da alkama a tafin hannu, sannan ya ce, "Ya binti, Allah ya halicci abubuwa da yawa, amma wannan bai biyo ta shagona ba." Kwana tara ina wannan yawo, ƙafafuna suka kumbura.

Yayana ne ya ceci lamarin. Shekarun nan jirage kan yi layi a teku wata da watanni suna jiran saukewa, shi kuma yana cikin masu kai musu ruwa da kayan lambu a kwalekwale mai inji. Ya karɓi takardar yana tsokanata, wai na zama mai neman magani. Ranar Alhamis sai ga shi da gwangwanin madara a hannu. Wani jirgin Poland ya samu, kukunsu ya ga zanen ya yi dariya, ya cika masa gwangwanin, shi kuma ya ba shi dabino. "Halas, ki riƙe da kyau," in ji yayana. "Iya abin da ya rage musu ke nan, kuma gobe za su tashi."

Inna ta ɗebi kaɗan ta sunsuna. Ƙamshinsa kamar na gyaɗar da aka soya a yashi. Ta ce, "Ki tambayi mai shi yadda ake dafawa."

Na ce, "Haba Inna, ni za a koya wa hatsi?"

Ga girman kai, ga son in ba Madam mamaki. A wurinmu kuma an san abin da ake yi wa marar lafiya da hatsi. Na tsince shi a faifai. Na ga ja-ja ne kamar ya ƙone, na wanke shi sau uku. Na jiƙa, ya yi yauƙi, na ƙara wankewa. Na daka a turmin Inna, na tace, na dama da ruwan tsamiya da sukari. Duka gwangwanin, ban rage ko cokali ba. Kunu ya yi sumul, har ina yaba kaina.

Asabar da safe ina shiga na ce, "Madam, an samu kasha!" Wallahi ban taɓa ganin fuska ta canza haka ba. Matar da sai an tallafa take tashi, ta miƙe da kanta, ta taje gashinta, ta zauna a tebur. Ta ce a kawo man shanu, a soya albasa. Ban gane ba, amma na soya. Sannan na tsiyaya mata kunun a kofi.

Ta dubi kofin, ta dube ni. "Fen kasha?"

Na ce ita ce wannan.

"Kullu?"

Na ce duka.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta riƙe kofin da hannu biyu, ta kai hanci tana neman ƙamshin ta bayan tsamiyata, hawaye suna zuba. Ta ce mahaifiyarta kamar shinkafa take dafa shi, warara, sannan ta naɗe tukunyar da takarda ta tura ƙarƙashin bargon gado ya ƙarasa nuna, su kuma suna dawowa daga makaranta sai su je su ɗaga bargon. Ta kurɓi cokali uku don kada in ji ciwo, ta ce, "Ma'alesh," wato ba komai. Sai ta yi shiru.

Shirun nan na sani. Shi Inna take yi a kan burgul ɗina.

Yayana ya ruga tasha, jirgin ya riga ya tafi. Da na koma gida na durƙusa inda na yi tsinta, na lalubo ƙwaya bakwai a saƙar tabarma. Na kai mata washegari, ta ƙulle su a hankicinta. Bayan mako biyu aka ɗauke ta zuwa Ingila, maigidan ya bi ta, gidan ya tashi. Har yau ban san ko ta warke ba, kuma ina kewarta.

Na yi wa Inna alkawari cewa da zarar alhazai sun fara sauka zan nemo mata acca. A Sha'aban Allah ya karɓi abarsa, Inna ta rasu. A Zulƙida na je masaukin alhazai duk da haka, na bi ɗaki ɗaki har na samu wata Hajiya daga Jos da 'yar jakarta, ta ɗebar mini. Na kawo gida na zuba a faifan Inna. Ƙwayoyi ƙanana kamar yashi. Na zauna ina kallonsu, ban san yadda ake dafa su ba, domin shekara da shekaru tana ba ni labarin acca, ban taɓa tambayarta ba.

Abin da na koya ke nan. Mai kewar gida ba cikinsa yake so a cika ba, abin da ya sani yake nema, yadda ya san shi. Idan Allah ya sa ka samo masa, ka ajiye iyawarka gefe, ka miƙa masa ɗanye ka tambaye shi yadda uwarsa take yi, tun yana da bakin faɗa maka.