Bangon Da Ba A Sa Wa Suna

Ɗakinmu yana bayan shagon wani tela a unguwar Rikkos. Muna samari muka kama shi, gashi buzu-buzu, wanduna duk fenti, iyaye sun yi faɗa har sun gaji sun zuba mana ido. Akwai mai kaɗa jita, akwai 'yan wasan kwaikwayo, ni kuma ina rubuta waƙoƙin da ba mai karantawa sai mu. Ba a tambayar kowa coci yake zuwa ko masallaci, tukunyar taliya ɗaya muke ci.

Dokarmu ɗaya ce: bangon ɗakin na kowa ne. Wanda ya ga dama ya ɗauki buroshi ya zana, wani ya zo ya ƙara a kai, amma ba a sa suna. A lokacin gani muke wannan shi ne 'yanci. Gaskiya dai duk abin kirki da ke bangon aikin mutum ɗaya ne, wani Bayarabe ɗan Bukuru mai ƙarancin magana. Shi ya zana matan nan masu wankin kuza, da kwanuka a ka, ƙafafunsu sun yi kaushi. Mu namu jagwalgwalo ne kawai a gefe.

Shekaru sun shuɗe, bara Bayaraben nan ya rasu, bayan ya ƙare rayuwarsa yana rubutu a jikin motocin haya. 'Yarsa ta same ni a unguwar Daɗin Kowa, ta ce ba ta taɓa ganin zanensa na gaske ba, amma kullum yana ba su labarin bangon. Na ce ta zo mu je, har da cika baki.

Ashe mai jitar nan namu, wanda yanzu ya zama oga ɗan kwangila, ya sayi gidan ya mai da shi wurin shan shisha. Ya tarbe mu da tumbi da turare, yana ta ba yaransa labarin yadda ya sha wuya a kan fasaha. Na ɗaga kai na dubi bangon. An shafe matan da fenti mai ƙyalli, an yi musu jan baki da gashin ido, an sa musu takalma masu tsini. A ƙasa kuma ga sunan oga ɓaro-ɓaro da ruwan gwal.

Na tambaye shi wa ya ba shi izini. Ya yi dariya ya ce kwastomomi ba sa son tsohon abu, kuma ai mu muka ce bangon na kowa ne. Na so in tofa masa yawu, kunyar yarinyar ta hana ni.

Ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Baba, ina wanda babana ya zana?"

Na bi bangon da ido daga sama har ƙasa, na sake bi. Ban sami ko faɗin tafin hannu da zan nuna mata ba.