Radiyo Tara da Duniyar Mushtari

Ƙanwata ita ta jawo wa kanta. Shekarar da ta fara karatun dokta a fannin kimiyya a ƙasar waje, Inna ta tambaye ta a waya wane irin aiki take yi. Don ta gajarta magana, sai ta ce tana sauraren igiyoyin radiyo. Inna ta riƙe kalma ɗaya ta saki sauran. Kafin damina ta faɗi, unguwarmu a Tawa kaf ta san ɗiyar gidanmu ta tafi koyon gyaran radiyo.

Da ta zo hutun bakansi, ni na ɗauko ta daga tasha. Muna shiga gida muka tarar da radiyo tara da aka kawo mata gyara, jere a kan tabarma ƙarƙashin rumfa. Ɗaya na kawunmu ne, yayan Inna, wanda ya taso tun daga Affala da nasa ɗaure da roba, ya zauna kusa da shi kamar mai jinya.

Ta sha fura, ta gaida kowa, sannan ta fara bayani a hankali. Ta ce ba gyara take yi ba. Akwai wata duniya mai suna Mushtari, wadda ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, kuma an aika kumbo yana kewaya ta. A kewayenta akwai wasu ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, ƙanana ainun, ido ba ya ganinsu. Amma idan suka motsa sukan tayar da igiyoyi, kumbon ya kama da doguwar eriyarsa ya aiko duniya, a mayar da su sauti. Inda ƙwayoyin suka yi cunkoso, sautin sai ya yi sama, inda suka yi ƙaranci ya sauka. Da haka take gane yawansu.

Ni da nake koyar da lissafi a makarantar lise ban gama kamawa ba, Inna ta riga ni. Ta ce ai kamar bidon ɗiban ruwa ne a bakin famfo, ko ba ka leƙa ba, kunnenka zai gaya maka ya kusa cika. Ƙanwata ta yi murna har ta riƙe mata hannu.

Daga nan ta ciro waya ta kunna mana. Muka ji shuuu, sai wani fito siriri da ya hau sama ya gangaro, sai ƙara kamar ana suyar gyaɗa. Kawu ya karkata kai, ya saurara har ƙarshe.

"Ɗiyata, wanga kuka shi ne dai nawa yake yi tun bara," in ji shi. "Ashe can ma abin ya lalace?"

Ta ce a'a, Kawu, haka Allah ya halicci duniyar. Ya ce to shi nasa ba haka aka halicce shi ba, da can yana kawo labarai. Ya tura mata shi gabanta.

Ba yadda ta iya. Ta kwance robar, ta buɗe bayansa don dai ta fita kunya. Pil huɗu ne a ciki, wato batura, ɗaya an sa shi a juye. Ta juya shi. Nan take wata murya ta cika gidan tana sanarwar ɓatan raƙumi a wajen Takanamat.

Kawu bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya dubi Inna ya ce karatun bai tafi banza ba, sai dai a riƙa yi wa yarinya faɗa ta rage ɓoye iliminta.

Sauran takwas ɗin ni na kwashe su a babur washegari, na kai wa mai gyara a kasuwa ba tare da kowa ya sani ba. Biyar suka tashi. Na mayar wa masu su, suna ta sa wa ƙanwata albarka, ita kuwa tana ɗaki da kwamfuta, ta toshe kunnuwa tana sauraren Mushtari. Ranar da za ta koma, wata maƙwabciya ta tare mu a ƙofar gida, rungume da fanka.