Lemon Iya da Ƙasar da Gari Ba Ya Wayewa

Shekarar da aka tura Baba kwas can ƙarshen arewacin duniya, muna zaune a Karu, ni da Mama da ƙanwata Ummi da kakarmu Iya. Baba ne ɗan farin Iya, don haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Sai dai ta ce "wancan". Ko mai gyara mana janareta, da yake sunansu ɗaya, "mai sunan wancan" take ce masa.

Da farko kullum Baba yana kira. Sai ya fara cewa rana ta daina fitowa a garin da yake, azahar ma duhu ne. Maganarsa ta yi ta raguwa, daga baya wayar ta daina shiga. Mama takan shige ɗaki ta yi kuka, ta fito ta ce mura ce.

Ran nan bayan isha an ɗauke wuta, muna gaban murhu Iya na gasa masara, sai Ummi ta ce, "Iya, wai wa ya kashe musu rana?"

Iya ta sa na ɗauko lemo. Ta soke shi da tsinken tsire, ya shiga ta sama ya ɓullo ta ƙasa, ta ɗan karkata shi kusa da wuta tana juyawa. Ta ce haka wancan ya nuna mata kafin ya tafi.

"Ga mu nan a tsakiya, haske ya zo ya tafi ya dawo. To dubi saman nan wurin tsinken. Kai maigida, buɗe idon nan naka na barci. Haske ya taɓa shi?"

Na duba, bai taɓa ba.

"Na ƙasan kuwa rana ta ƙi faɗuwa a wurinsu. Sai shekara ta raba a yi musaya." Ta ajiye lemon. "Ga ta nan, ku matso, tatsuniyar yau mai sanyi ce."

Wai daidai inda tsinken ya shiga ta sama akwai wata tsohuwa da ke juya duniya kamar mazari. Ba itace ba ciyawa, sai ƙanƙara, teku na motsi a ƙarƙashinta. Wani matafiyi ya yi mata sallama, ya ce da asuba zai wuce. Ta shimfiɗa masa tabarma ta ce, "Madalla, huta, sai gari ya waye." Ya kwanta ya tashi, duhu. Ya sake kwanciya ya tashi, duhu. Duk tashin da zai yi sai ya manta wani abu, hanyar gida, fuskar 'ya'yansa, har dai sunansa ya ɓace masa. Da ya leƙa bayan ɗakin sai ya ga mutane a jere a zaune, ƙanƙara ta cika musu gemu, kowa na cewa da asuba zai wuce.

Ummi ta ƙanƙame ni. "To yaya zai dawo?"

"Sai wadda ta haife shi ta kira shi da sunansa na yanka."

"To ta kira mana."

Iya ta ce, "Ɗan fari ne."

Masara ta ƙone ba wanda ya juya ta, Iya kuma ba ta ce ƙurunƙus ba. Can sai ta dafa gwiwa ta miƙe, ta je jikin katanga, ta fuskanci arewa.

"Habibu," ta ce. Ta sake, a hankali, "Habibu."

Wallahi tsoro ya kama ni. Mama ta toshe baki da mayafi. Iya ta dawo ba ta dubi kowa ba, ta ce duk wanda ya faɗa wa wancan ba ta yafe ba.

Bayan 'yan kwanaki Baba ya kira daga asibiti. Ashe duhun ne ya kwantar da shi, ya kulle kansa a ɗaki, ba ci ba sha. Ya ce wani lokaci ya ji an kira sunansa a bakin ƙofa, ya ja jiki ya buɗe, ba kowa. A nan ya faɗi, maƙwabcinsa ya tsince shi. Da aka miƙa wa Iya wayar, cewa kawai ta yi, "Ku gaida wancan."

Yanzu ina koyar da 'yan firamare a Jikwoyi, kuma da lemo da tsinke nake nuna musu saman duniya da ƙasanta. Ina gaya musu karkatar duniya ce, ba wata tsohuwa. Amma in na zo kan duhun nan na rabin shekara, nauyin da Iya ta ajiye a jikin katangar nan nake tunawa. Ta rasu ba ta sake faɗar sunan ba.

Har gobe Baba yana cewa ya san muryar nan, ya dai kasa gane ta. Ta ina zai gane? Bai taɓa jin sunansa a cikinta ba.