Iliyasu Mai Rediyogiram

Iliyasu mutumin Wurno ta kusa da Birnin Kudu ne, kuma tun yana saurayi ba a taɓa ganin fartanya ta yi masa kanta a hannu ba. Da yayansu Hadi, direban wani kamfani a Kano, ya rasu bai bar ɗa ba, sai aka zo rabon gado tsakanin Iliyasu da ƙaninsa Salihu. Ga fadama mai ba da rake da albasa, ga kuma rediyogiram da aka sauko da shi daga Kano: ƙaton akwatin katako mai sheƙi, rediyo a gefe guda, garmahon faifai a ɗaya gefen.

Iliyasu ya shafa katakon, ya ce, "Salihu, riƙe taɓonka. Ni wannan nake so."

Limamin da ke rabon ya ce, "Malam Iliyasu, abin nan fa da lantarki yake aiki. Ina lantarki a Wurno?"

"Allah gafarta Malam, gwamnati ta yi kuɗin fetur. Wuta na hanya."

Wuta ba ta zo ba. Da ya gaji da kallon akwatin da ba ya ko tari, sai ya ɗora shi a amalanke zuwa Birnin Kudu, gidan Alhaji Maikano ɗan kwangila, mai injin wuta. Ya roƙa a ajiye masa a falo. Alhaji ya karɓa har da godiya.

Aka jona. Ƙwayayen fitilar cikin akwatin suka yi ja, suka ɗau zafi, sai ga kiɗa ya cika gidan. Iliyasu har da ƙwalla. Sai dai falon Alhaji na manyan baƙi ne, don haka aka nuna masa dakalin ƙofar gida. Nan ya tare. Kullum da hantsi zai iso a kan aron keke, ya zauna gindin taga, duk wanda ya gifta ya tare shi.

"Ka ji wannan sautin? Nawa ne."

"To me ya sa kake waje?"

"Ai daga nan ya fi fita."

Damina ta yi ta wucewa yana bisa dakali yana kaɗa ƙafa. Matarsa Barira ta gaji da cin tuwon gidan Salihu, ta koma gidansu a Gwaram. Iliyasu ya ce dama can ba ta san daɗin kiɗa ba.

Da Alhaji ya dawo daga Makka da rediyo mai kaset, sai ya sa aka fitar da rediyogiram zaure, ya ce mai shi ya kwashe kayansa. Iliyasu ya russuna ya ce a taimaka a bar shi nan, ko wata rana za a buƙata. Masu gadi suka mai da shi mazaunin butar shayi.

Iliyasu bai fasa zuwa ba har tsufa. Yanzu kaset yake saurare ta taga, yana gaya wa masu wucewa cewa shi ya koya wa Alhaji jin kiɗa.