Ɗakin Ajiyar da Baba Ya Gina

Babanmu ya yi aikinsa duka a sashen filaye na ƙaramar hukuma a Tambuwal. Igiyar awo da gwangwanin jan fenti su ne kayan aikinsa. Wanda duk ya yi gini babu takardar izini, ko katangarsa ta ci hanya, Baba zai auna, ya shafa mata jan fenti, ya ce a gyara.

Da ya yi ritaya sai ya koma noman gonarmu ta wajen Kebbe. Wata shekara wake ya yi kyau, tsohon rumbunmu kuma ya tsage, Baba ya ce zai gina ɗakin ajiya na bulo da rufin kwano a bayan gida. Lokacin ina koyarwa a makarantar firamare, ina zaune gida.

Ranar da aka fara haƙa harsashi Inna ta ce, "Malam, ka amso takarda kuwa?"

"Wace takarda? Masu ba da ita ni na koya musu aiki."

Inna ta ci gaba da tankaɗenta.

Baba bai ɗauko igiyar awonsa ba, da ido ya nuna wa magini inda zai ja layi. Gini ya kai taga kafin kowa ya lura bangon baya ya shiga lungu da taku ɗaya. Maƙwabcinmu, wani dattijo mai amalanken shanu, shi ya fara ganewa, don amalankensa ya daina wucewa. Shekarun baya Baba ya taɓa sa shi ya ja katangar zaurensa baya. Dattijon bai kai ƙara ba. Kullum da hantsi sai ya zo ya tsaya, ya dubi bangon, ya ce, "Sannu da aiki, Malam. Gini shina kyau, har ya fito gaida mutane."

Ran nan sai ga ma'aikacin da ya gaji kujerar Baba, a kan babur, gwangwanin fenti ɗaure a baya. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya tambayi gona, ya tambayi ƙafar da ke damunsa, ya sha furar da na kawo. Sai can ya ce, "Ranka ya daɗe, shawara nika nema. In mutum babba ya yi gini ya ci lungu, kuma ba ya da takarda, mi aka yi mai?"

"A auna, a shafa mai ja. Doka ba ta san babba ba. Ina ginin yake?"

Mutumin ya sunkuyar da kai, ya nuna bayan gidanmu da haɓa.

Baba ya karɓi igiyar awon mutumin, ya ba ni bakinta na riƙe. Sau uku muna aunawa, sau uku lungu yana gazawa. Ya ce ina sakin igiyar, ya kira maƙwabcin ya riƙe, shi kuwa ya riƙe da hannu biyu. Awon bai canza ba. Baba ya kwance gwangwanin daga babur da kansa ya shafa wa bangonsa ja.

Washegari ya sa babbar riga ya tafi sakatariya, ya zauna a benci cikin masu jira, ya ƙi a shigar da shi gaba. Da ya dawo da takardar, Inna ta karɓa ta jujjuya ta, ta ce, "Ashe ɗaliban naka sun iya."

Aka rushe bangon baya, aka ja shi ciki. Ɗakin ya fito siriri, bai ɗauke amfanin gonar duka ba. Buhunan waken da suka rage, a zauren maƙwabcin nan suka yi rani, kuma shi ya kwashe su da amalankensa.