Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Fari a Jirgin Ruwa

Shekarun baya can, wajen tsakiyar shekarun tamanin, muna zaune a garin Greensboro na Amurka, a wani gidan haya bayan titin Wendover. Maigidana yana karatun digiri na uku, ni kuwa ina gida da 'yarmu ta fari mai shekara huɗu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Kun ga kunya biyu ke nan a kaina, ta 'yar fari da ta sunan suruka. Tun ranar suna bakina bai taɓa furta sunan nan ba. "Ke" nake ce mata, in za a yi maganarta in ce "yarinyar nan".

A shekarar Hajiya, surukar tawa, ta zo mana ziyara daga Kano. Sai matar malamin maigidana, wani dattijo da ke zaune a Sedgefield, ta karye a ƙafa, ya bar mana ɗakuna biyun da suka kama a wani ƙaramin jirgin ruwa na yawon kwana huɗu. Ni da ruwan da na sani bai wuce tafkin bayan garinmu ba. Muka yi awa huɗu a mota zuwa bakin teku, ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Jirgin ba shi da girma, yawancin fasinjojin tsofaffin Turawa ne da suka yi ritaya, yarinyar nan ita kaɗai ce yaro. Sau uku ake kaɗa ƙararrawar cin abinci, kowa da teburinsa. Da rana su yi wasan kati, wasu su miƙe a kujeru suna kallon tsuntsaye. Hajiya ta dubi jatan landen da aka kawo ta ce ita ba ta zo Amurka cin ƙwaro ba, ta zaro kwalbar yaji da ƙullin dambun nama daga jakarta. Ni abincin ma ba ya wuce min. Idona na kan ƙarafan gefen jirgin, tsakaninsu kan yaro zai iya wucewa. Ga shi ba dama in riƙe hannun yarinyar a gaban Hajiya, sai dai in bi ta da wutsiyar ido.

A teburinmu akwai wata tsohuwar Baturiya, malamar makaranta ce a da. Ran farko ta tambaye ni sunan yarinyar, na ce ta tambayi babanta. Washegari ta sake ritsa ni: "Taki ce kuwa?" Hajiya na zaune kusa da ni. Ba ta jin Turanci, amma kunya ba ta san wannan ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Ta Hajiya ce."

Daga nan matar ta sa min ido. Na gan ta tana ƙus-ƙus da ma'aikaciyar da ke kula da fasinjoji. Maigidana ya ja ni gefe ya ce, "Ki yi hankali fa. Nan ba gida ba ne. In suka ga kamar ba ki damu da ita ba, ripot ɗaya za su kai wa hukuma a fara mana tambayoyi." Na ce to, amma a raina na ce gara tambayoyin da Hajiya ta koma Kano ta ce matar ɗanta ta zubar da kunya a teku.

Rana ta uku bayan abincin rana, an kwashi maza zuwa ɗakin kyaftin su ga yadda ake tuƙi, maigidana ya bi su. Na shiga ɗaki na yi azahar. Da na fito sai na tarar da Hajiya ita kaɗai tana gyangyaɗi a kujera.

"Hajiya, ina yarinyar nan?"

"Ba ke ta bi ba?"

Na zaga jirgin sau biyu ina "Ke, ke," kamar mai korar awaki. Na leƙa banɗaki, na leƙa ƙarƙashin gado. A ƙarshe na leƙa ruwan da jirgin ke barin baya, fari fat da kumfa, ba komai a kansa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan minti ba.

Ma'aikaciyar ta zo da gudu, ta ce za ta yi cigiya ta lasifika, in faɗa mata sunan. Ta ƙara da, "Ke ce uwarta?" Kafin in buɗe baki tsohuwar nan ta ce, "Jiya ta ce min ba tata ba ce." Kowa ya zuba min ido. Hajiya na tsaye a kafaɗata. Na kasa furta sunan a gabanta. Ku dubi wauta, 'yata ƙila tana cikin ruwa, ni ina tsaye ina jin nauyin suruka.

Hajiya ta ce, "Me take so?"

Na ce, "Suna."

Ta damƙi hannuna. "To faɗi mana, 'yar nan. Ni ce mai sunan, na yafe."

Ban ba ma'aikaciyar sunan ba. Ni na ƙwala shi da kaina, har sau uku, da muryar da ban san ina da ita ba. Sai ga mayafin wani tebur a ɗakin cin abinci ya motsa, yarinyar nan ta rarrafo ta fito, bakinta duk dambu, ƙullin Hajiya a hannunta. Tun ɗazu tana jin "ke" ɗina ta yi lamo don kar a kama ta. Ta tsaya tana kallona ta ce da Turanci, "Mami, ashe kin san sunana?"

Na durƙusa na rungume ta a gaban kowa, ina kuka har da majina. Tsohuwar Baturiyar ma hawaye take, tana ba ni haƙuri. Da na ɗago, Hajiya ta juya mana baya tana kallon teku. Maigidana ya iso yana tambayar abin da ya faru, ta ce, "Ni ban ji komai ba. Injin nan ya cika ƙara." Har Allah ya yi mata rasuwa ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Ban ce kunya laifi ba ce, da ita aka raine ni, kuma ina sonta. Amma tambayar yarinyar nan ta fi ruwan tsorata ni, don shekara huɗu tana zaton ban sani ba. Daga ranar, in mun keɓe mu biyu ina yi mata kitso, nakan faɗa mata sunan a kunne. Yanzu ita ma tana da 'yar fari, kiran sunanta take gatsal a gaban kowa. Ni kuwa kun ga har na gama ba ku labarin nan ban iya rubuta shi ba.